Ƙidayar Tasalla a Gulbin Kaba

Shekara arba'in ina yankan kaba.
Laujena ya fi ƙafata sanin kwarin nan.
Da assalatu nake fita, raɓa na lasar zanena,
in komo da dami a ka kafin rana ta take tsaka.
Tabarmar da aka haifi Tasalla a kai, ni na saƙa.
Wadda aka ɗauki Nomau a ciki zuwa kushewa,
ita ma ni.

Ran Laraba yarinyar ta biyo ni.
An ba su aiki a lakkol:
ku ƙirgo itatuwan garinku, manya daban, ƙanana daban.
Ta ɗaga kai, garin alli a yatsa,
goriba ɗaya, biyu, waccan mai rassa huɗu,
wadda aradu ta tsaga bara,
har goma sha tara.
Sai ta juya shafi.
"Kaka, ina 'ya'yansu?"

Na yi dariya, na shuro mata ƙwallo da ƙafa.
"Ba wannan ba. Masu tsawona.
Masu tsawon Baba."

Na duba gabas, na duba wajen Mayahi.
Tsofaffi ne tsaye cirko-cirko
kamar dattawan da suka zo gaisuwar mutuwa
a gidan da babu yaron da zai kawo ruwa.
Ƙarƙashinsu kaba, iya gwiwa, iya gwiwa,
har inda ido ya gaji.
Tsakanin gwiwa da sama babu kowa.

Lauje ya yi mini nauyi.
Tun ina budurwa na san kaba 'yar goriba ce,
irin sanin da ake yi wa sunan maƙwabci
ba a taɓa leƙa zaurensa ba.
Gindin nan da nake aske wa kai duk rani
sa'ar uwar Tasalla ne.
Da na ƙyale shi, da tuni ya yi gemu,
da yara suna jifarsa, da balbela ta kwana a kansa.

Ba ni kaɗai ba ce, kada a ɗora mini duka.
Barira na yanka, matan Gidan Jadi na yanka,
masu tufka igiya su har zuciya suke ƙwaƙulowa.
'Ya'yan da ke sama ba a bari su nuna,
waɗanda suka faɗo buhu ke jiransu.
Motar Ɗan Gambo na zuwa daga Maraɗi ran kasuwa,
dami uku, jikka guda,
tiyar gero kuwa ta hau raƙumi ta bar mu a ƙasa.
Wa zai ce wa ciki: yi haƙuri shekara goma?

Ban ce komai ba.
Na yagi bakin zanena, ja ne, tsohon na biki,
na ɗaura wa guda bakwai a gefen gonar Nomau.
Barira ta ce, "Kin fara yi wa kaba kwalliya?
Sai ki sa mata lalle."
Na ce sai ta girma.

Damina biyu ke nan.
Biyu wani ya sare da dare, ya bar mini ƙyallen a ƙasa.
Ɗaya wutar sassabe ta lashe.
Daminmu ya ragu, na ji a tukunya,
ba zan ɓoye ba.

Jiya Tasalla ta jingina da ɗaya,
ganyen ya taɓa mata kafaɗa.
Ta buɗe tsohon littafin, shafin da ta bari fari,
ta yi rubutu, ta miƙo mini.
Ni ban iya boko ba.
Na ga wani abu mai ƙafa guda, ya naɗe gwiwa,
kamar zalɓe a bakin tafki.
Ta ce sunansa huɗu.